Ƙwan da Muka Sa wa Injin Baba

Hoto ɗaya ne ya rage na Tsuntsuwa a duniya, shi ma ba a taɓa fitar da shi a kan kati ba. Tsuntsuwa 'yar Yayata ce. Shekararta biyu da wata huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku. Mun sa mata wannan suna ne saboda ba ta zama wuri ɗaya, kuma bakinta ba ya hutawa ko da ba wanda ke gane abin da take cewa. Akwai hotunanta a wayar mijin Yaya, amma wayar ta faɗa cikin bokitin wanki tun yarinyar na da rai, ba wanda ya damu a lokacin.

Wannan ɗayan da ya rage, Baba ne ya ɗauke shi a shagonmu da tsohuwar kyamararsa mai fim. Ya zaunar da ita a kan doguwar kujera, Yaya ta tsaya a gefe ta miƙo hannu ta riƙe mata kafaɗa don kada ta zamo. Ya wanke fim ɗin, ya rataye shi ya bushe, ya sa shi a ambulan. Kafin ya buga shi a kati ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ga wanda bai taɓa ganin fim ba, ɗan ɓallen roba ne mai sheƙi, faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba, komai a cikinsa a juye yake, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. In ya lalace, shi ke nan, ba shi da ɗan'uwa.

Ni nake riƙe da shagon yanzu. Hoton fasfo nake ɗauka da kyamarar zamani, firinta ta tofo shi kafin mutum ya gama gyara hularsa. Ɗakin duhu yana baya, ƙofarsa na kallon barandar da Baba ke wuni a kan kujera da sandarsa. A ciki akwai injin buga hoto, wanda Baba ke kira Raƙumi saboda dogon wuyansa. A can sama yana da kai kamar tukunya, ƙwan fitila a ciki. Ƙasa da shi ake zura fim, haske ya ratsa ta ciki, ya biyo ta idon injin, ya sauko kan katako da girma. A nan ake shimfiɗa kati. Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan aikin na san shi, shekara takwas na yi ina tsaye kusa da Baba.

Ranar Laraba Yaya ta zo. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, Asabar da safe za su tashi. Shekara guda ta yi ba ta iya ko ambaton ambulan ɗin nan, ranar sai ta ce tana son hoton, babba, ta tafi da shi. Na ce akwai masu kwamfuta da ke iya ɗauko hoto daga fim, ko in kai musu? Ta ce fim ɗin nan ba zai fita daga gidan nan ya shiga hannun wanda bai san ta ba. Baba ya ɗauka, a ɗakin Baba za a buga. Baba ya doki ƙasa da sanda sau ɗaya, wato ya yarda.

"Hawainiya, kwana uku na ba ka," in ji ta. "Na san da wa nake magana, shi ya sa ban ce gobe ba."

Haka take kirana tun muna yara. Na yi dariya, ita ma ta so ta yi.

Alhamis da safe na share ɗakin, na haɗa ruwan maganin wanke hoto a faranti uku, na ƙirga manyan katunan da suka rage, uku ne. Na danna makunnin Raƙumi. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya ya mutu. Na kwance shi na girgiza a kunne, na ji zaren cikinsa na kaɗawa.

Ba irin ƙwan ɗaki ba ne. Fari ne fat kamar madara, ba a ganin cikinsa, kuma ba rubutu a kansa. Na sa shi a aljihu na bi shagunan kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Wani ya juya shi a hannu ya tambaye ni ko daga kabarin kakana na tono shi. Wani tsoho ya gane shi, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun kafin ya yi furfura. Na sayo ƙwan ɗaki na dawo.

Baba ya koya mini ba a gwaji da fim ɗin mutane. Akwai wani tsohon fim na mutum da kekensa da ba a zo karɓa ba, shi muke gwaji da shi. Na zura shi, na yanki ƙyallen kati na buga. Da hoton ya fara fitowa cikin ruwan magani, sai ga wani baƙin zobe a ƙirjin mai keke, da wasu alamu karkatattu a ciki kamar an yi masa tambari da wuta. Na daɗe ina kallo ƙarƙashin jar fitila kafin na gane rubutun da ke kan ƙwan ne injin ya haska. Na ce a raina, da fuskar Tsuntsuwa ce fa.

Na je wurin maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, wanda kowa ke kira Injiniya. Rediyo, fanka, dutsen guga, duk yana taɓawa, kuma yana yawan cewa duk abin da ke cin wuta ƙaninsa ne. Ya zo da sukundireba a bayan kunne, ya buɗe kan Raƙumi, ya leƙa, ya ce ai wannan ba aiki ba ne, gaisuwa ce. Ya koma ya ɗauko wata siririyar fitila irin wadda ake haska gaban manyan shaguna da ita. Ba rubutu a jikinta, in ji shi, kuma haskenta ya ninka na tsohon ƙwan sau biyar.

Sai dai mazauninta bai shiga ba. Akwai wani gilashi mai kauri, kore-kore, a kwance tsakanin ƙwai da wurin fim, shi ya tare hanya. Injiniya ya zare shi ya ɗora a kan kantar ɗakin. Na tambaye shi ko gilashin nan ba shi da wani aiki. Ya ɗaga shi ya duba ta ciki, ya ce cin haske kawai yake yi, masu ƙera injin sun sa shi ne don a riƙa sayen ƙwai. Ni ban taɓa ganin Baba ya taɓa shi ba, ban kuma san sunansa ba, sai na bar shi ya ci gaba. Ya ɗaure fitilar da waya, ta ɗan karkata gefe guda, ya ce ba komai.

Muka gwada da mai keke. Na kunna, na ƙirga biyar, na kashe. Hoton ya fito tas, ba zobe, gefe ɗaya ne kawai ya ɗan fi duhu. Injiniya ya ce in gaya wa Baba an yi wa Raƙuminsa sabon ido. Ban gaya masa maganar gilashin ba. Ban ɓoye ba, mantawa na yi.

Juma'a da hantsi na wanke hannu, na goge shi sau biyu, na ɗauko ambulan. Na riƙe fim ɗin ta gefe-gefe yadda ake yi, na hure ƙura, na zura shi. Na kulle ƙofa, na kashe farar fitila, na kunna Raƙumi.

Ga ta nan a kan katako, kusan girmanta na gaske, a juye. Fuskar fara, haƙoranta huɗu baƙaƙe. Sai da na dafa teburin.

Kafin a sa kati sai an saita, ana murɗa wani ɗan ƙarfe a hankali har hoton ya fito tar. Baba da gashin ido yake saitawa. Yakan ce in gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya, sauran jiki ya shiga hankalinsa. Ba ya gaggawa a nan, yakan kai tsawon tafasar ruwan shayi yana gaba yana baya, fitila a kunne. Haka na koya, kuma ni dama ba mai sauri ba ne. Ranar kuwa na fi kullum nawa, don ina son ya fi duk wani hoto da na taɓa bugawa. Na sunkuya, hancina kusa da katako, na murɗa, na dawo, na sake murɗawa. Gashin idon ya rabu. Na ce bari in ƙara tabbatarwa.

Sai ta motsa.

Hannuna ba ya kan ƙarfen, na riga na sauke shi. Amma idanunta suka yi dishi-dishi, goshinta ya taso kamar tana matso da fuska wurina. Kumatunta ya kumbura ya koma. Bakin ya ja gefe a hankali, irin yadda take yi in za ta fara kuka. Kafaɗarta ta ɗaga.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na so in yi addu'a, na nemi farkonta na rasa. Abin da ya zo mini shi ne na tashe ta, na dame ta inda take kwance, ni da haskena. Na ji kaina na ce mata, a hankali, "Yi haƙuri, Kawu ne." Makunnin yana nan dab da gwiwar hannuna, ko tuna shi ban yi ba. Wani wari ya fara shiga hancina, kamar an manta dutsen guga a kan riga, shi ma na ji shi amma ban haɗa shi da komai ba. Hannun Yaya da ke kafaɗarta ya fara narkewa, yatsun suna haɗuwa da juna.

Aka doki ƙofa da ƙarfi, sau uku, daga can ƙasa. Na ji muryar Baba, wadda kalma ɗaya ke ɗaukarta numfashi biyu.

"Kashe."

Na kai hannu na kashe. Na buɗe ƙofa na tarar da shi a ƙasa. Warin ya ji daga baranda, ya yunƙura ya zamo daga kujera, ya jawo jiki da hannu ɗaya har bakin ƙofar. Gwiwarsa ta goge tana jini. Inna, mahaifiyarmu, ta fito da gudu tana salati, na sunkuya zan ɗaga shi, ya ture ni da sanda ya nuna cikin ɗakin.

Kan Raƙumi ba ya taɓuwa. Na jawo ƙarfen da ke riƙe fim, ya ƙona mini yatsu biyu, ban sake shi ba sai da na kai shi kan tebur. Fim ɗin ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta gasa, tsakiyarsa ta yi tozo. Wannan ne motsin da na gani, zafi ne ke murɗa shi. A gefe guda, wajen da fitilar ta karkata, ya yi bororo kamar ƙwayar wake. Ban iya ɗaga shi a haske in duba fuskar ba. Na tsaya ina kallonsa daga nesa, ina jin kamar in na ƙara numfashi kusa da shi zai tsage.

Muka mayar da Baba kan kujera, Inna tana goge masa gwiwa tana tambayar me ya faru. Ƙofar ɗakin a buɗe take, idon Baba ya kai kan kantar ɗakin. Ya daɗe yana kallon koren gilashin. Ya nuna shi, ya ce, "Zafi." Ya huta. "Shi ke sha." Bai yi mini faɗa ba. Da ya iya faɗan da na fi samun sauƙi.

Na kawo masa fim ɗin a kan tafin hannu. Ya sa na ɗaga shi saitin sama, ya ƙanƙance idonsa mai kyau. Ni ƙasa nake kallo. Can na ji sanda ta doki ƙasa sau ɗaya. Na ɗago na duba. Fuskar tana nan. Bororon a kan hannun Yaya ya tsaya, ya ɗan ci gefen kafaɗar rigar.

Amma a lanƙwashe ba zai bugu ba, kuma miƙar da shi na iya fasa shi. Da nuni da rabin kalmomi Baba ya sa na cire gilasai biyu daga firam, na wanke su na goge. Na kwantar da fim ɗin a kan ɗaya, na riƙa sauko da ɗayan a kansa kaɗan-kaɗan. Ina jin yadda yake turjewa ƙarƙashin gilashin. Wani abu ya yi ƙas, na ƙame, gumi ya ɗigo daga haɓata kan tebur. Bakin gilasan ne suka haɗu. Na ɗora akwatin kyamarar Baba a kai na bar shi.

Na je na gaya wa Injiniya. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambaye ni hoton wa. Da na faɗa, sai ya cire sukundireban daga bayan kunne ya ajiye shi ma. Ya san Tsuntsuwa, takan tsaya a ƙofarsa tana rawa in ya kunna rediyo. Ya biyo ni, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, ni ne na cire." Baba ya ɗaga masa hannu.

Wannan karon bai yi cika baki ba. Ya kwance fitilar, ya mayar da koren gilashin inda yake. Ya kawo ƙwan zamani mai farin haske, irin wanda ba ya ɗumi, ya kankare rubutun jikinsa. Haskensa ya taru a tsakiya, sai ya yanko da'ira daga murfin wata farar roba ya sa a ƙasansa, hasken ya bazu daidai. Ya auna tsakiya da zare, ba da ido ba. Na ce masa duk da haka ni ba zan sake sa fim ɗin nan a ciki ba. Ya ce ya ji. Ya aika aka kawo kyandir, ya ɓanɓaro ɗan guntu ya ɗora daidai inda fim ke zama, ya kunna injin, muka zauna muna kallon agogo. Rabin awa. Ya ciro guntun ya ba ni, da taurinsa, ko laushi bai yi ba. Ya ce in ban yarda ba zai sa harshensa a wurin.

Da la'asar na ɗaga akwatin. Fim ɗin ya kwanta, ban da bororon. Ban raba gilasan ba, na naɗe bakinsu da salatif na zura su haka. Da mai keke na riga na saita tsayin injin, don kada nata ya daɗe a ciki. Duk da haka da na kai hannu kan makunni sai hannun ya ƙi. A waje Baba ya yi tari, na san yana saurare. Na danna.

Ba ta motsa ba. Na murɗa sau ɗaya, gashin idon ya rabu, na kashe. Na shimfiɗa kati, na sake kunnawa. Sabon ƙwan bai kai wancan ƙarfi ba, sai an ƙirga arba'in. Ina ƙirgawa ina shinshina iska. A ashirin da bakwai na ji kamar wari, na kusa kashewa, ashe yatsuna ne da suka ƙone.

Na tsoma katin a faranti na farko ina kaɗa shi. Idanun suka fara fitowa, sai gashi, sai bakin a buɗe, tana tsakiyar faɗin wani abu. A kafaɗarta, inda hannun Yaya yake, wani dunƙulen abu ne kamar an ɗiga ruwa a kan tawada. Na ɗaga kan injin na matso da kati na biyu yadda wurin zai faɗa waje, na buga fuska da ƙirji kawai. Wannan ya fito ba aibu ko ɗaya. Wanda bai sani ba, ba zai taɓa sani ba. Na rataye su biyun, na zauna a ƙasa ina kallonsu suna ɗiga. Na yi ta auna in ba ta na biyun in yi shiru. Tsoron injin ya wuce, na Yaya ya zo, kuma ya fi wancan nauyi.

Asabar da safe motar kaya na tsaye a ƙofar gida, mijinta na ɗaure katifa, ta shigo shago. Na ajiye katunan a kife a kan kantar shago. Na gaya mata duka, ƙwan, gilashin, yadda na tsaya ina kallo ban kashe ba. Ban sa sunan Injiniya a ciki ba. Tana ji, fuskarta na canjawa, ta dafa kantar da hannu biyu.

"Fuskar fa?"

Na juya mai kyan. Ta ɗauka. Ba ta yi kuka nan da nan ba, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe. Can ta sa yatsa kusa da girar hagu, ba ta taɓa katin ba.

"Tabon nan," ta ce. "Ranar da ta faɗo daga kan gado. Wallahi na manta da shi. Shekara ɗaya kawai, har na manta."

Sai ta zauna a kan kujerar masu jiran hoto ta rufe fuska da mayafi. Mijinta ya leƙo, ya koma.

Da ta natsu ta ce in juya ɗayan. Ta kalli dunƙulen, ta kalli yatsuna da Inna ta ɗaure da tsumma. Ta haɗa katunan biyu ta sa a cikin jaka. Ta ce in ba ta fim ɗin. Na ce yana tsakanin gilasai, kada a raba su, kada a ajiye shi kusa da taga ko inda ake girki. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe shi a cikin wata ƙaramar riga da ta ciro daga jakar.

"Ba za a sake sa shi a injin ba," ta ce. "Ko naka, ko na wani."

Na ce to.

Ta shiga baranda ta durƙusa gaban Baba, ta ciro hoton ta riƙe masa. Na bar su, na fita na kama wa mijinta ɗaurin katifar.